Turmin da Ya Je Gudu Lyon

Wannan abu ya faro ne a shekarar sanyin nan mai tsanani, wanda ya daskarar da famfo a Paris har muka yi kwanaki muna narka ƙanƙara a tukunya don alwala. A gida kuwa mutane ba su gama farfaɗowa daga fari na biyu ba, wanda ya cinye shanun ƙanena a Mirya. Shugabanmu na soja yana nan da ransa, sai bayan shekara biyu aka kawo shi asibitin birnin nan ya cika. Yarinyar da ke rubuta mani wannan, ko uwarta ba a haifa ba. Ni ban yi lakwal ba, wato boko, ban san lambar shekara ba, amma ku tambayi duk wanda ya zauna unguwar Château Rouge a lokacin, zai ce maku Habsu mai tausa ba ta ɓata lissafin kwana.

Abin da ya tayar da zancen, kwanan baya na je Bron wajen jikokina, na tarar sun dawo daga gudu suna danna wa ƙafafunsu wata na'ura mai kama da bindiga, tana karkarwa. Na tambaya, suka ce tausa ce. Wai ka danna maɓalli kawai. Ɗayansu har ya ce aikina ai ba wuya, shafa mai ne da matsawa. To ku zauna ku ji.

Gwaggo Delu, yayar babana, ita ta koya mani. Shekara uku ban taɓa jikin mutum ba. Aikina hura wuta, ɗora ruwa, narka man kaɗe a bayan murhu yadda ba zai ƙone ba. Da yamma sai ta ɗauki ƙwayar wake ɗaya ta sa ƙarƙashin zane, ta ninka shi biyu, ta ce in rufe ido in nemo ta da babban yatsa. Na samo, ta ninka huɗu. Na samo, ta sauya waken da ƙwayar dawa. Ranar da na gano ƙwayar gero ƙarƙashin ninki takwas, ranar ta miƙo mani ƙafarta ta ce in fara. Ƙulli a jikin mutum haka yake, ɗan mitsitsi, yana ɓoye can ƙasa, kuma sau da yawa ba inda mai ciwo ke nunawa yake ba. Mai kukan gwiwa ka nemi abin a cinya. Mai kukan dunduniya ka hau sharaɓa, wato tsokar bayan ƙwauri. Wace bindiga ce za ta san wannan?

Kayan aikina ba su da yawa, kuma da su na sauka Paris lokacin da maigidana Malam Issufu ya aiko in same shi, yana sayar da atamfa. Duwatsu biyu baƙaƙe masu santsi da ake jefawa a ruwan zafi a naɗe a tawul. Kwanon man kaɗe mai murfi, wanda 'yan kasuwa ke cika mani duk zuwa. Kwalbar lemo da babu komai cikinta, don mirgina tafin ƙafa. Tabarma da bargo. Sai turmi na icen kirya da taɓare biyu, wanda na yi rigima a filin jirgi kafin a bar ni in shigo da shi. A lokacin ban ɗauki turmin cikin kayan sana'a ba. Na daka yaji ne da gero.

Muna hawa na biyar, babu asansar mai ɗaga mutum sama, matakala tasa'in da shida. Tun mutum yana hawa na uku nake sanin abin da ya kawo shi. Mai ciwon ƙugu yana hutawa a kowane kwana. Mai jego tana hawa a hankali, ƙafa ɗaya tana jiran ɗaya. Masu kitso ba ka jin komai a takunsu, nasu a kafaɗa yake da wuya. Maza kuwa dokata a fili take: daga gwiwa zuwa ƙasa, ƙofa a buɗe, Malam Issufu na zaune a bakinta da rediyonsa.

Wata ranar Talata bayan azahar na ji wani taku da ban taɓa ji ba. Bibbiyu yake tsallake matakala, amma ƙafar hagu tana sauka da nauyi. Ya shigo, dogon mutum siriri cikin koren kayan masu sharar titi, ya durƙusa ya gaishe da Malam, ya gaishe ni. Sunansa Hamidu, mutumin Adar, daga wajen Tawa, shekarunsa kamar talatin. Da na ɗora yatsa a sharaɓarsa na ji kamar igiyar rijiya. Na ce shara ba ta yin wannan, me yake yi wa ƙafafun nan? Ya ce gudu. Yana tashi aiki da rana, sai ya cire kore ya sa gajeren wando ya bi bakin kanal, ruwan nan da aka gina wa hanya cikin gari. Kuma idan kaka ta zo yana so ya je Lyon, akwai babban gudu da suke kira maraton, kilomita arba'in da biyu.

Na ce ya gaya mani da Hausa. Malam Issufu ya ce kamar daga Mirya zuwa Damagaram ne, ka dawo, ka ƙara kaɗan.

"Wa ke korar ka?" na ce masa.

Ya yi dariya ya ce ba kowa. Na ce mu mun yi wannan tafiyar da ƙwaryar nono a kai da goyo a baya, ba wanda ya rataya mana ƙarfen lambar yabo a wuya. Amma gaskiya abin ya shiga raina nan take. Na yi tausar ƙafafun da aiki ya kashe, ban taɓa samun ƙafafun da ake shirya wa wata rana guda ba.

Matsalarsa ya faɗa mani da bakinsa. In an tashi, yana fita kamar ɗan akuyan da aka kwance, ya wuce kowa, kafin a kai rabi ya mutu. Yana da agogo, amma in jini ya hau ba ya kallonsa. Na ce ai na san wannan ciwon, na 'yan mata ne ranar dakan biki. Da safe za ka ga yarinya ta kama taɓarya tana lugude, tana jefa ta sama tana tafi kafin ta cafe, kowa na guɗa. Kafin hantsi tana zaune a gindin bango tana busa tafin hannu. Tsofaffi kuwa ba sa kallon kowa, dum, dum, dum, bugu ɗaya tun safe, su ne za ka tarar a kan turmi da la'asar. Buhu ba ya ƙarewa da ƙarfi, da bugun da ba ya sauyawa yake ƙarewa.

Ranar Lahadi na shiga metiro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, har ƙarshen layi, inda akwai filin gudu mai kewaye. Na shimfiɗa zane na zauna a bakin hanya. Na ce masa duk kewayen da ya zo kusa da ni zan gaishe shi, kuma ina son amsa cikakkiya, irin ta gida. Ina kwana, ina gajiya, ina gida, ina aiki, ina labarin mutanen Tawa. In ya amsa duka ba tare da numfashi ya yanke masa magana ba, wannan ne gudunsa. In ya tsaya a "lafiya" ya haɗiye "lau", ya yi sauri. Turawan da ke wurin suna ta kallon baƙar mace a zaune tana gaishe da mutum ɗaya sau ashirin. Da muka samo gudun, na shiga buga shi a cinyata, bugu ɗaya duk saukar ƙafar dama. Ban daina ba har cikin metiro, har matakala, kada ya zube mani a hanya.

Mace ɗaya ba ta iya wannan bugun a turmi, ya yi yawa, sai biyu suna karɓa-karɓa. Na kira maƙwabciyata Ladi, Bakanuwa mai kitso. Kun san tsakaninmu da Kanawa. Ta ce ita tun da ta zo Turai ba ta taɓa taɓarya ba, daka aikin Damagarawa ne. Na ce ai shi ya sa tuwon Kano ke da gudaji. Ta ɗaura ɗankwali ta kama.

Dabarar kaset ta Malam Issufu ce. A zamanin, wasiƙarmu ke nan: ka zauna gaban rikoda ka yi wa uwarka magana, matafiyi ya kai. Ya ce tun da Hamidu na da ɗan rediyon nan da ake rataya a ƙugu a sa a kunne, me zai hana mu aika masa turmin cikin kaset? Muka jona rikoda a wutar bango, muka zuba gero, don ba a dakan turmi wofi, na yi bisimilla, muka daka har fuska biyu suka cika. Tun daga ranar Hamidu ke gudu da dakanmu a kunne.

Wata huɗu muka yi muna shiri, kuma ban taɓa jin daɗin aiki kamar lokacin ba. Duk Lahadi doguwar tafiya, kowane mako a ƙara kaɗan. Duk Talata yana kan tabarmata, dutse mai zafi tukuna, sannan mai, sannan yatsa, daga agara zuwa bayan gwiwa, kullum sama ake turawa, ba ƙasa ba. Igiyar rijiyar nan ta zama kamar ƙullun alkama da ya kwana. Na hana shi sabon takalmi. Na sa ya yanke farce mako guda kafin ranar, ba jajibiri ba. Na ɗinka masa ɗan aljihu a wando na dabino bakwai da aka cire wa ƙwallo. Mako biyu na ƙarshe na ce a rage gudu, kuma nan ne muka fi yin faɗa, don mutumin da ƙafarsa ta ƙoshi ba ya son zama. Sannan na gaya masa maganar da ta zame mani abin da ta zame. Na ce ranar gudu ƙafafunka za su yi maka ƙarya, taron mutane zai yi maka ƙarya, kada ka saurari kowa sai turmi.

Saura kwana uku ya tafi, ɗan rediyon ya tauna kaset ɗin. Ya kawo mani shi zare a waje kamar hanjin kaza. Na ce ba komai, a sake. Amma tsohon Bature da ke ƙasa da mu ya riga ya kai ƙara wajen mai kula da gida cewa silinsa na zubo masa gari a miya, an ce kada a sake jin turmi a sama. Sai muka sauke shi can ɗakin ajiya na ƙarƙashin ƙasa. Can babu wurin jona wuta. Malam ya ciro pil daga rediyonsa, abin da Ladi ke kira batir, ya zuba a rikoda. Muka daka yadda muka saba, hannuna bai kuskure ko bugu ɗaya ba. Muka miƙa wa Hamidu, ya sa a jaka, bai saurara ba don na hana shi gudu a kwanakin. Ya hau jirgin ƙasa shi da wani abokin aikinsa.

Ranar Lahadi da la'asar aka bugo waya shagon mahaucin unguwarmu, inda ake kiranmu. Hamidu ya faɗi bayan kilomita talatin da wani abu, kusa da wata gada. Motar likita ta ɗauke shi, an yi masa ƙarin ruwa, tsokar cinyarsa ta yage.

Kafin Juma'a zance ya gama unguwa. Wai Habsu ta kwance wa yaron mutane jijiya. Wai na matsa inda ba a matsawa. Wata ma cewa ta yi akwai abin da nake sawa a man. Ba wanda ya faɗa mani a ido. Matakala ce ta faɗa mani. Ta yi shiru. In ji taku ya taso, in ɗora ruwa, ya tsaya a hawa na uku. Masu jego suka koma wajen wata da ba ta san bambancin agara da jijiya ba. Duk sanyin shekarar nan man kaɗe ya daskare a kwano ban buɗe shi ba sai don Malam da Ladi. Sana'ar hannu sunanka ne kawai, ba ka da shago, ba ka da takarda a bango. Kuma ni kaina ban san abin da ya faru ba. Na bi ƙafafun nan a raina tsoka tsoka ban ga inda na yi kuskure ba.

Hamidu bai zo ba sai bayan wata uku. Na ɗauka fushi yake, ashe kunya ce. Ya zauna a bakin tabarma ya ajiye kaset ɗin gabana. Ya ce tun kilomita na farko ya ji kamar dakan ya yi sauri, amma ya tuna na ce ƙafa za ta yi masa ƙarya, sai ya bi turmi. Ya bi, ya bi, yana wuce mutane, har ƙasa ta taso ta same shi.

"Inna, ban saki turminki ba," ya ce. "Shi ya fi ƙarfina."

Ladi ta ce a sa mu ji. Malam ya jona rikoda ya danna. Sai ga wata murya siririya tana bisimilla, kamar ta 'yar shekara tara. Ladi ta faɗi kan gado tana dariya, ta ce yaushe na yi wannan muryar, ko a Damagaram haka tsofaffi ke magana in sun ga na'ura? Sai tata muryar ta fito, ta fi tawa tsini, dariyar ta tsaya. Malam Issufu ya dafe kai. Ya ce wannan ai ya san shi. Duk kaset ɗin da ya zo daga ƙauye aka ɗauka da pil mai mutuwa, haka muryar tsohuwarsa ke fitowa kamar ta tsuntsu. Rikoda mai yunwa a hankali take jan zare, in ka mai da kaset ɗin cikin mai ƙoshi sai komai ya ruga.

Na jawo turmi tsakar ɗaki, Bature ko ba Bature ba, na zuba gero, na ce Ladi ta kama mu bi kaset ɗin. Kafin ruwan shayi ya tafasa kafaɗuna sun mutu. Wannan ba dakan tsofaffi ba ne, luguden 'yan mata ne. Da shi mutumin nan ya yi kilomita talatin, don ni na ce kada ya saurari jikinsa.

Na gaya masa laifin nawa ne, ba na hannuna ba, na bakina. Na ce in ya yarda mu sake, ban ce unguwa za ta gane zancen pil ba, abu ɗaya za su gane, su gan shi ya gama a tsaye. Ya ce shi ma bai bar gadar nan haka ba.

Shekara ta biyu na sauya aiki. Cinyar da ta yage na bi ta a hankali, wata biyu dutse da mai kawai, Malam ne ke ɗora hannu a wurin ina gaya masa inda zai danna, tun da sama da gwiwa ne. Tsohon Baturen kuwa da ya hau yin faɗa ranar da muka bi kaset ɗin nan, na ga yana juya jiki gaba ɗaya in zai waiwaya. Na nuna masa kujera, shi ma Malam ya ɗora masa hannu ina faɗin inda zai danna. Bayan mako biyu wuyansa na juyawa, shi da kansa ya ce mu daka ranar Lahadi in ya fita sayen burodi. Muka ɗauki kaset uku da wutar bango, kowanne na saurari muryata a farkonsa in tabbatar tsohuwa ce ke magana. Amma babban abin shi ne na fara yaye shi. A filin nan sai in ce ya kashe rediyon ya ci gaba, ni ina bugawa a cinya ina duba ko ƙafarsa ta kauce. Da farko yana kaucewa. Zuwa ƙarshen bazara ko magana na ja shi da ita, ƙafar dama na sauka daidai kan hannuna. Na janye tsohuwar maganata. Na ce in kaset da ƙirjinka suka yi gardama, gaishe da kanka. In ba ka iya kai "lau" ba, kaset ne maƙaryaci.

Kuma na ce wannan karon da ni za a je, da turmina.

Ranar Asabar muka hau jirgin ƙasa mai saurin nan, ni da Ladi da Hamidu, turmi a naɗe cikin bargo, taɓare biyu a ɗaure kamar sandunan makafi. Mai duba tikiti ya tsaya ya tambayi mene ne wannan. Na ce wa Hamidu ya gaya masa kayan motsa jiki ne. Ya ɗaga bargon, ya leƙa, ya kalle mu, ya wuce. Muka sauka wajen wata ƙawar Ladi mai shagon yaji da busasshen kifi a unguwar La Guillotière. Na dafa masa tuwon shinkafa da miya marar yaji da hannuna, ban yarda ya ci na kowa ba. Tausa ta ƙarshe mai zurfi na riga na yi ta tun kwana biyar, ranar shafa kawai na yi. Da safe na ba shi man kaɗe ya shafa a hammata da tsakanin cinya da ƙirji, duk inda riga za ta goga.

Ba mu je wurin tashi ba. Muka mirgina turmin zuwa bakin kogi, ƙasa kaɗan da gadar da ya faɗi bara, don hanyar ta nan take bi. Safiya ce mai sanyi, ganye ya yi ja da rawaya yana zuba cikin ruwa. Mutane cike da gefen titi, da yara a kafaɗa. Muka zuba gero muka jira. Na farko suka wuce, siraran mutane kamar ba sa taɓa ƙasa. Sai aka fara zuwa biyar biyar, goma goma, sannan titi ya cika, takun ƙafa kamar ruwan sama a kan kwano. Ban taɓa ganin ƙafafu masu yawa haka ba, kuma kowace ina karanta ta. Wannan zai gama. Wannan agararsa za ta kama shi kafin gada. Wannan ya yi luguden safe. Na ce wa Ladi bisimilla.

Dum, dum, dum. Mutane suka juyo. Wani ɗan sanda ya taho zai tashe mu, ya tsaya yana kallo, sai na ga kansa na bin bugun. Matan unguwar, Larabawa da namu, suka kewaye mu. Ladi na daka tana zagina a hankali, wai ta bar kitso uku a Paris ta zo tana wa Turawa wasa a titi.

Ita ta fara hango shi. Abin kunnen yana rataye a wuyansa, ba ya saurare. Daga baya ya ce hayaniyar mutane ta rufe kaset ɗin tun rabin hanya, sai ya kashe. Fuskarsa ta yi toka, haɓarsa ta ɗaga sama, kuma yana manne da wasu mutum huɗu da suka fi shi sauri, suna jan shi. Na ga ƙafar na gaba da turmi. Ga gadar nan a gabansa. Ban kira shi ba. Na ƙara wa taɓarya nauyi kawai, ban ƙara mata sauri ba.

Na ga lokacin da ya ji. Kansa ya sauko. Ya bar mutum huɗun nan suka tafi. Taku ɗaya, biyu, uku, ƙafar dama ta faɗo kan bugun Ladi ta zauna. Da ya zo daidai mu na ce, ban daina daka ba:

"Hamidu, ina gajiya?"

"Ba gajiya, Inna."

"Ina gida?"

"Lafiya lau."

"Ina mutanen Tawa?"

Ya riga ya wuce. Amma daga can bakin gada na ji ta taso, a cike, ba a yanke ba: "Suna gaishe ki."

Na ce wa Ladi ya gama. Ta ce saura kilomita tara fa. Na ce ya gama.

Mun so mu bi shi, amma ba mu iya tashi ba. Waɗanda ke zuwa a baya, masu jan ƙafa, sai ka ga mutum ya zo kusa da turmi ya miƙe, ya kama bugun, ya ɗaga mana hannu. Har layi suka yi, Turawa tsofaffi da mata, duk a kan dakanmu. Yaya za ka ajiye taɓarya? Muka daka geron har ya zama gari, muka zuba wani. Sai da titi ya yi sauƙi muka bar turmin a shago muka shiga metiro. Don haka ban ga shigarsa ba, kuma ba zan ce maku na gani ba. Na tarar da shi an lulluɓe shi da wata takarda mai ƙyalli kamar kifin da za a gasa, ƙarfe a wuya, dabino ɗaya ya rage a aljihu. A tsaye. Sun ce awa uku da 'yan mintoci. Na durƙusa nan gaban jama'a na bi sharaɓarsa da yatsa, hagu da dama. Gajiya ce kawai, babu ƙulli ko na ƙwayar gero. Da yamma na dama masa fura da garin da muka daka a bakin titi, ya sha kwano biyu.

Ranar Talata ya zo Château Rouge da ƙarfensa a wuya. Bai hau wurina kai tsaye ba, sai da ya tsaya shagon mahauci ya sayi abin da ba ya bukata, ya gaishe da kowa, ya amsa tambayoyi. Sannan ya hau tasa'in da shida, ɗaya ɗaya wannan karon. Da zai sauka da baya da baya ya sauka, riƙe da ƙarfen matakala, don cinyar wanda ya yi maraton ba ta yarda da gangara. Maƙwabta na leƙe suna dariya, shi ma yana dariya. Ban gama wanke duwatsu ba na ji wani taku ya taso, a hankali, ƙafa ɗaya tana jiran ɗaya. Ya wuce hawa na uku. Na ɗora ruwa.

Daga shekarar, duk kaka sai an cika mani matakala da masu gajeren wando, har Turawa, kowa da kaset ɗinsa, don bugun kowa daban ne, sai na je fili na gaishe shi na samo nasa.

Malam Issufu ya rasu, a gida aka binne shi. Tsohon Baturen ya riga shi. Ladi ta koma Kano ta yi shekara shida ta cika, har ƙarshe tana cewa ita ce ta yi gudun, ni rakiya na yi. Mahaucin ma babu shi, shagon ya zama na waya. Waɗanda suka rage daga ranar nan mu uku ne. Ni, da turmin, yana nan bayan ƙofa da tsaga ɗaya a baki. Sai Hamidu, yana Tawa yana noman albasa, gemu fari fat. Duk Juma'a yana bugo mani waya, kuma ba na yarda da gajeriyar gaisuwar nan taku. Sai na bi shi tun daga kwana har mutanen gari, ina saurare ko zai kai "lau". Har makon jiya yana kaiwa.